Kwangila Amana Ce: Hukuncin Tanda Da Haƙƙin Ɗan Kwangila A Musulunci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya wajabta adalci Ya kuma haramta zalunci a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka laƙaba wa Al'aminu tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, maganar wannan mako ta shafi wani abu ne da mutane da yawa suka ɗauka ba ruwan addini da shi, watau kwangila. Sau da yawa za a ga mutum ba ya fashin sahun farko, ba ya barin azumin Litinin da Alhamis, amma da zarar an zauna rabon kwangila sai ya ajiye carbi gefe guda, ya ce wannan kuma harkar ofis ce. Alhali kuwa malaman fiƙihu sun yi wa ciniki da ijara da jinga babi babi, kamar yadda suka yi wa alwala da salla.

Tun daga gyaran ƙananan hukumomi na shekarar 1976, wanda ya kawar da tsarin En'e, ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da ta fi kusa da talaka. Mutumin Dingaya, ko na Sara, ko na Basirka a ƙasar Gwaram, bai cika sanin abin da ake ƙullawa a Abuja ba, amma ya san rijiyar burtsatsen unguwarsu, da ajin da ɗansa ke zama a ciki, da kwalbatin da amalankensa ke hawa ranar kasuwa. Duk waɗannan kuwa ta hannun ɗan kwangila suke zuwa. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a gaya musu muhimmancin gada, gama ba su manta da watan Agusta na 2021 ba, lokacin da ruwan sama ya karya wata gada a Radabi, a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, wata motar haya ta auka ciki, mutum 21 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu. Ba a kawo wannan don ɗora wa wani laifi ba, sai don mai karatu ya tuna cewa aikin siminti da rodi rayukan mutane ake ɗorawa a kansa. Kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 nasu ne, a miƙa musu kai tsaye, amanar da ke wuyan shugabanninsu ta ƙara bayyana ga kowa.

Asalin wannan babi shi ne aya ta 58 a Suratun Nisa'i, inda Allah Ya umurci bayinSa da su mayar da amana ga masu ita, kuma in za su yi hukunci tsakanin mutane su yi shi da adalci. Malaman tafsiri sun ambata cewa ta sauka ne a kan mabuɗin Ka'aba a shekarar da aka buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi mabuɗin daga hannun Usmanu ɗan Ɗalha, baffansa Abbas kuwa ya nemi a haɗa masa riƙon mabuɗin da aikin shayar da alhazai. Sai aka mayar wa Usmanu abinsa, kuma har yau a hannun danginsa yake, watau Banu Shaiba. A duba nan da kyau. Mai nema baffa ne, mai bayarwa kuwa shi ne shugaban da ya ci gari da yaƙi, babu mai iya ce masa don me. Amma dangantaka ba ta sa an karɓe haƙƙin wani an ba ɗan'uwa ba.

Dukiyar ƙaramar hukuma ta baitulmali ce. Ciyaman da sakatare da ma'aji da shugaban sashen ayyuka wakilai ne a kanta, kuma ƙa'idar da malamai suka kafa ita ce, duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa a ɗaure yake da maslaharsu. Mai kuɗin kansa yana iya ba surukinsa aikin gina gidansa a kan ninkin farashi, ba mai tuhumarsa. Wakili kuwa, kamar waliyyin maraya, ba shi da wannan dama. Suratul Ƙasasi, aya ta 26, ta kawo siffofi biyu na wanda ya fi dacewa a ɗauka aiki, a bakin 'yar dattijon Madyana game da Annabi Musa: ƙarfi da amana. Ƙarfin ɗan kwangila shi ne kayan aiki da gwaninta da jari, amanarsa kuwa ita ce tarihin ayyukan da ya yi a baya. Katin jam'iyya ba ya cikin biyun.

To, ita tanda fa, watau a yi shela 'yan kwangila su kawo farashinsu a rufe a zaɓi mafi dacewa, tana da asali a Shari'a? Tana da shi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa wani mutum ya zo yana roƙo, Annabi ya sa ya kawo abin da ya mallaka, wata shimfiɗa da ƙoƙon sha, ya ɗaga su yana neman mai saye. Wani ya taya dirhami ɗaya, Annabi ya nemi mai ƙari, wani ya ba da biyu, aka sallama masa. Wannan shi ne gwanjo, wanda ake kira muzayada da Larabci. Tanda kuwa gwanjo ce a juye, a can mai sayarwa ke neman mafi tsada, a nan mai saye ke neman mafi sauƙi, shi ya sa Larabawan zamani ke ce mata munaƙasa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Riyad cikin shekarar 2000, ta tabbatar da halaccinta, ta ce hukuncinta ɗaya da na gwanjo, kuma ya halatta a taƙaita ta ga waɗanda aka yi wa rajista, muddin an yi rajistar bisa gaskiya da adalci.

Tun da hukuncinsu ɗaya ne, abin da ke ɓata gwanjo yana ɓata tanda, kuma babbansu shi ne najashu. Buhari da Muslimu sun ruwaito hani a kansa, Imamu Malik kuma ya bayyana shi a Muwaɗɗa da cewa mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba da nufin saye ba, sai don wani ya ruɗu ya bi sahunsa. Duk wanda ya saba da kasuwar dabbobi ya san irin wannan dillalin. A ɗauka, a bisa misali, ana son gina ajujuwa biyu a wani ƙauye na gundumar Dingaya. Ranar buɗe akwati aka sami takardu uku daga kamfanoni uku, kowanne da hatiminsa da adireshinsa, amma ukun duk na mutum ɗaya ne: ɗaya da sunansa, ɗaya da sunan matarsa, ɗaya da sunan yaron shagonsa. Biyu sun cika kuɗi da gangan don na ukun ya zama kamar mai rangwame. Fayil ya cika, an rubuta cewa an yi gasa. Wannan najashu ne tsantsa, sai dai ya sa babbar riga ya shiga ofis. Haka nan in 'yan kwangilar gari suka zauna suka raba, wannan naka wancan nawa, kowa ya janye wa ɗan'uwansa. Muhtasar na Shaihu Halilu ya halatta mai saye ya roƙi wani daga cikin masu taya ya dakata masa, amma bai halatta ya roƙi dukkansu ba, domin a nan an kashe kasuwa an cuci mai kaya. A mazhabar Malikiyya kuma, in mai kaya yana da masaniya a kan najashun, wanda aka ruɗa yana da zaɓin warware cinikin. Ke nan hukumar da ta gano an yi mata haka tana da hujjar soke kwangilar.

Zancen kashi goma cikin ɗari kuwa ya tsufa a ƙasar nan, tun jamhuriya ta farko ake kuka da shi, kuma dattawa suna tune da badaƙalar siminti ta 1975, sa'ad da jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Ikko saboda odar da ta wuce hankali. Hukuncinsa ba ɓoyayye ba ne. An la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, a ruwayar Imamu Ahmad har da ɗan tsakiyan da ke kai da kawowa. Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani abu a kan cewa kyauta aka yi masa, Annabi ya hau mumbari a kansa, ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta iske shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, a Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun da ya yi wa sarakunan zamaninsa inkari. Sauya mata suna zuwa na goro, ko kuɗin mai, ko alheri, bai sauya komai ba. Kuma kowa ya san daga inda take fita: buhun simintin da ya kamata ya ba da bulo kaza sai a matsa masa ya ba da ninki.

Yanzu sai babbar tambaya. Wanda ya cika sharuɗɗa, farashinsa ya fi dacewa, aka tsallake shi aka ba wani, shin ya halatta ya kai ƙara, ko kuwa tawakkali shi ne ya yi shiru? A ƙasar Hausa akan ce masa, "Bar wa Allah, rabonka ba ya wuce ka." Gaskiya ne arziki na Allah ne. Amma an sha fakewa da wannan kalma don a rufe bakin wanda aka zalunta. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta yi wa wanda aka zalunta izinin ɗaga murya, Suratush Shura kuma ta ɗauke zargi daga wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an cuce shi, ko da yake ta yabi mai yafewa. Sai dai a lura da wani abu a nan: mutum yana yafe abin da yake nasa ne. In an ba da aikin miliyan goma a kan miliyan ashirin, asarar ɗan kwangilar da aka tsallake ita ce ribar da bai samu ba, wannan yana iya yafe ta. Sauran miliyan goman kuwa na mutanen gari ne, har da marayu da waɗanda ba a haifa ba, kuma sau da yawa shi kaɗai ne ke riƙe da takardun da za su tona abin. Shirunsa a nan ya yi kusa da ɓoye shaida, wanda ƙarshen Suratul Baƙara ya ce mai yin sa zuciyarsa mai zunubi ce.

Musulunci bai bar wanda hukuma ta cuta ba wurin zuwa ba. Imamu Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya ware babi guda a littafinsa Al'ahkamus Sulɗaniyya a kan kotun mazalim, wadda ake kai ƙarar gwamnoni da ma'aikata, ya ambata cewa Abdulmalik ɗan Marwana ne ya fara keɓe mata rana, Umaru ɗan Abdul'azizu kuma ya ƙwato abin da danginsa Banu Umayya suka riƙe ba bisa haƙƙi ba ya mayar wa masu shi. A nan gida, Shaihu Magili ya gargaɗi Sarkin Kano Muhammadu Rumfa cewa tushen ɓarna shi ne sarki ya shamakance kansa daga talakawa. Wasiƙar Sayyidina Umaru ga alƙalinsa Abu Musal Ash'ari kuwa ta koyar da cewa hukuncin da aka yanke jiya ba ya hana a koma ga gaskiya yau in ta bayyana. Saboda haka jami'in da aka kawo masa ƙorafi ya duba ya ga an yi kuskure, soke abin da ya sa wa hannu ba abin kunya ba ne gare shi.

Dokar ƙasa ma ta buɗe ƙofa. Dokar sayen kayan gwamnati da ba da kwangila ta tarayya, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu a watan Yuni na 2007, ta wajabta a yi shela, a buɗe takardu a bainar jama'a, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Sashe na 54 ya tsara wa mai ƙorafi hanya: ya rubuta wa shugaban ma'aikatar cikin kwanakin aiki 15 daga ranar da ya sami labari, shi kuma ya amsa cikin kwanakin aiki 15. In bai gamsu ba, yana da kwanakin aiki 10 ya kai wa hukumar kula da kwangiloli ta tarayya, wadda za ta yanke cikin kwanakin aiki 21, sa'an nan yana da kwana 30 ya tafi Babbar Kotun Tarayya. Wannan doka ita ke hukunta ayyukan tarayya da ake kawowa ƙauyuka, irin su ayyukan mazaɓu, waɗanda hukumar ICPC ta fara bin sawunsu a 2019. Kwangilar jiha da ta ƙaramar hukuma kuwa dokar jiha ke bi da su, kuma Jihar Jigawa tana da tata hukumar tantance kwangiloli da sa ido a kan ayyuka a Dutse, ga Babbar Kotun Jiha, ga kuma Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, wadda ba a biyan ko kwabo a kai mata kuka. Abin lura shi ne kwanakin nan gajeru ne. Wanda ya tsaya aika dattawa bin gidaje har wata biyu, zai iske ƙofar ta rufe.

Amma mai ƙara shi ma akwai sharaɗi a wuyansa. Hujja a kan mai da'awa take, zato da ji-ta-ji-ta ba sa zama hujja, kuma ɓata sunan ma'aikaci mai gaskiya don an sha kaye a tanda zunubi ne babba. Wanda ya kai nasa goron aka fi shi yawa, sa'an nan ya ruga kotu yana kukan an yi rashin adalci, ya sani ɓarawo ne ke ƙarar ɓarawo. Wanda kuma ya shigar da ƙara don kawai a kira shi gefe a ba shi nasa kason ya janye, ya sayar da haƙƙin jama'a. Hadisin Ummu Salama da ke cikin Buhari da Muslimu ya ishi kowa: wanda ya fi abokin shari'arsa iya zance har aka yanke masa abin da ba nasa ba, yankin wuta aka yankar masa, ko da lauyansa ya fi na kowa tsada.

Saura haƙƙin wanda ya yi aiki ya gama, kuma a nan ne kuka ya fi yawa. Ba kowane ɗan kwangila ne mai ƙaton gida da jerin motoci ba. Akwai wanda ya sayar da shanunsa, ya ɗauki siminti da kwano bashi a Birnin Kudu ko Kano, ya gama aiki injiniya ya duba ya sa hannu, sa'an nan bauca ta kwanta a teburin wani shekara biyu. In aka yi canjin shugabanni kuma sai sabon ya ce ba shi ya ba da aikin ba. Wannan magana ba ta da gurbi a Shari'a, domin da hukuma aka ƙulla, kuma hukuma ba ta sauka in ciyaman ya sauka. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umurci muminai da cika ƙulle-ƙullen alkawari. Annabi ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci, kuma a hadisin ƙudusi da Buhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci ya karɓi cikakken aiki ya hana shi lada. Ko Annabi kansa, da wani mai bin sa bashin raƙumi ya zo ya tsananta magana har sahabbai suka yunƙura, hana su ya yi, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da bakin magana, sa'an nan ya biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Ina wannan, ina masinjan da ke korar mai bin bashi daga bakin ofis? Kotun Ƙoli ta Nijeriya ma ta sha bayyana cewa wa'adin wata 3 da doka ta sa don kare ma'aikatan gwamnati daga ƙara bai shafi mai neman kuɗin aikin da ya yi a bisa kwangila ba.

Akan tambayi malamai game da wanda aka riƙe wa kuɗinsa sai ya ba da wani abu. Wasu malamai sun yi rangwame ga wanda ya rasa kowace hanya ta karɓar tabbataccen haƙƙinsa, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. To, amma kada a ja wannan rangwame zuwa inda bai kai ba. Kuɗin aikin da aka gama haƙƙi ne tabbatacce. Kwangilar da ba a riga an bayar ba kuwa ba haƙƙin kowa ba ce tukuna, wanda ya biya don a ba shi ita ya sayi haƙƙin sauran masu nema ne.

Akwai wata matsala mai wuya da ya kamata ɗan kwangila Musulmi ya sani. Dokar 2007 ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardar neman biya jinkiri ne, kuma a ɗora masa kuɗin ruwa. Majalisar Fiƙihu kuwa, a wannan zama nata na Riyad, ta halatta a sa wa ɗan kwangila tara in ya jinkirta aiki ba da uzuri ba, amma ba ta halatta ƙari a kan bashin kuɗi saboda jinkirin biya ba, domin wannan shi ne riba. Ga shi kuwa wanda aka riƙe wa kuɗi tun kafin faɗuwar darajar Naira ta 2023, abin da za a ba shi bayanta ba zai sayi simintin da ya zuba ba. Mafita ita ce a toshe ɓarakar tun ranar ƙulla yarjejeniya, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta koyar: a rubuta komai, a sa shaidu, a yanka ajali. A rubuta cewa biya mataki mataki ne, a fayyace kuɗin kafin alƙalami, a kuma amince tun farko a kan yadda za a sake duba farashin sauran aikin in kaya suka tashi. Wanda ya fara aiki a kan maganar baki, wai ranka ya daɗe ya ce a je a fara, takarda na tafe, ya saɓa wa wannan aya tun kafin a cuce shi.

In kuma kotu ko hukuma ta soke kwangila saboda an ba da ita ba bisa ƙa'ida ba, alhali an riga an yi rabin aiki, fiƙihu bai bar wannan ba hukunci. A ijarar da ta ɓaci, malaman Malikiyya suna mayar da ma'aikaci ga ladan kwatankwaci, watau masana su ƙiyasta abin da irin wannan aiki ya cancanta a kasuwa a biya shi, ba farashin da aka kumbura ba. In aikin kuma algus ne, katanga ta tsage tun kafin damina ta biyu, to Imamu Malik yana cikin waɗanda suka lamuntar da masu sana'a abin da suka ɓata, gyara a kansa yake. Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda almajiran ilmi ke karantawa a kowane zaure, ta kawo haƙar rijiya cikin misalan jingar da ba a cancanci lada a kanta sai an kammala aiki. Rijiyar burtsatsen da aka yi bikin buɗewa da ruwan tanka, washegari ta ƙafe, ba a kammala ta ba, kuma injiniyan da ya sa hannu cewa an gama ya yi shaidar zur.

Shi kuma ɗan kwangila, ranar da kuɗi suka shiga hannunsa, hadisin nan na mutum uku ya juyo kansa, domin a bayansa akwai birkila da kafinta da lebura, da mai kurar ruwa, da matar da ta yi wata uku tana ba ma'aikatansa abinci bashi. Su ba su da lauya, ba su san sashe na 54 ba, kuma ba da hukuma suka yi ciniki ba, da shi suka yi. In sharaɗinsu biyan yini ne ko na mako, jinkirin bauca bai ɗage masa ajalinsu ba matuƙar yana da abin biya.

Mako mai zuwa, in Allah Ya so, shafin zai duba hukuncin sayar da takardar kwangila ga wani, da abin da malamai suka ce game da ɗan kwangilar da ke miƙa aikin ga na ƙasa da shi.